Almakashi A Cikin Ciki: Ko Ƙwayar Rediyo Za Ta Hana Mantuwar Ɗakin Fiɗa?

Masu karatu da yawa za su tuna da labarin nan mai ban tausayi da ya zo mana daga Kano cikin watan Janairu na 2026, wanda aka yi kwana da kwanaki ana maimaita shi a majalisun Agege da Idi-Araba da Obalende, har zuwa unguwar Sabo ta Badun. Wata baiwar Allah ce mai 'ya'ya 5 aka yi wa aikin fiɗa a wani asibitin gwamnatin jiha cikin watan Satumba na 2025. Daga ranar ba ta sake jin daɗin cikinta ba. Ta yi ta komawa asibitin tana kukan ciwo, ana sallamarta da maganin kashe zafi, har wata 4, sa'an nan aka ɗauki hoton cikin aka ga almakashi kwance. Kafin a kai ga ceto ta, rai ya yi halinsa. Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta fito ta amsa cewa sakaci ne, ta kuma dakatar da ma'aikata 3. Allah ya jiƙanta, ya ba iyalinta haƙuri.

Duk sa'ad da irin wannan ya faru, magana takan rabu uku. Wasu su ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Wasu su ce likitocin yanzu ba su san aikinsu ba. Na uku su ne 'yan'uwanmu masu karance-karance, waɗanda za su ce maka ai a ƙasashen Turawa an wuce nan tuni, gama akwai na'urar da ke bin sawun kowane ƙyalle da kowane ƙarfe da aka shiga da shi ɗakin fiɗa, sai gwamnati ta sayo kowa ya huta. Maganar nan ta uku ita muke so mu duba yau. Na'urar dai akwai ta, ba tatsuniya ba ce. Amma kafin mu ɗaga murya a sayo, ya kamata mu san abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta, da kuma dalilin da ya sa asibitocin can suka yarda suka zuba kuɗinsu a kanta.

Da farko, yaya ma za a yi mutum mai hankali ya manta da abu a cikin cikin ɗan'uwansa? Wanda bai taɓa leƙa ɗakin fiɗa ba zai ɗauka abin kamar ɗinkin tela ne, allura ɗaya da almakashi ɗaya. Ba haka ba ne. A babban aiki guda, ƙarafan da ake jerawa a kan tire, daga almakasai da hantsaki masu damƙe jijiya da ƙarafan buɗa ciki, sukan haura 100, ga allurai, ga kuma ƙyallayen auduga na tsane jini da ake ta buɗewa ƙunshi bayan ƙunshi. Ƙyallen nan shi ne babban mai laifi. Fari ne tas kafin a sa shi, amma da zarar ya sha jini sai ya rine, ya dunƙule, ya koma kamar tsoka. Likita kuwa shi da kansa yakan cusa shi bayan hanji ko ƙarƙashin hanta don ya tare jini, da niyyar zai ciro shi daga baya. In jini ya ɓalle a wani gefe hankalin kowa ya koma can, shi ke nan an manta da shi.

Maganin da aka daɗe da shi shi ne ƙidaya. Ƙa'ida ita ce nas biyu su ƙirga kome da babbar murya kafin a tsaga, a rubuta a allo, su sake ƙirgawa kafin a rufe ciki, su kuma ƙirga sa'ad da ake ɗinke fata. In lissafi bai cika ba, a tsaya a nema. In ba a gani ba, a ɗauki hoton eksire, watau irin hoton nan na ƙashi, tun majiyyaci yana kan tebur. Sabo da haka ne ƙyalle mai kyau na ɗakin fiɗa ake saƙa masa wani zare na musamman wanda ke fitowa a hoto, domin auduga zalla ba ta fitowa sosai.

Ga kuwa abin mamaki. A 2003 wani likitan fiɗa a birnin Boston ta Amurka, Dokta Atul Gawande, shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan majiyyata 54 da aka manta da abubuwa 61 a jikinsu tsakanin 1985 da 2001. Kashi 69 daga cikin 100 na abubuwan ƙyallen auduga ne, sauran ƙarafa. Abin da ya girgiza likitoci shi ne, a wuraren da aka yi ƙidaya, a kashi 88 daga cikin 100 nas-nas sun ce lissafi ya cika. Watau ba a ƙi ƙirgawa ba. An ƙirga, an rubuta cewa kome ya fito, alhali ƙyalle yana ciki. Binciken ya kuma nuna cewa haɗarin ya ninka wajen sau 9 in aikin na gaggawa ne, wajen sau 4 in likita ya buɗe ya tarar da abin da bai zata ba har ya sake salon aiki, kuma yana ƙaruwa in majiyyaci mai ƙiba ne.

Shahararren asibitin nan na Mayo, shi ma a Amurka, ya duba ayyukan fiɗa fiye da 190,000 da aka yi a cikinsa daga 2003 zuwa 2006, ya tarar ana manta abu sau ɗaya a cikin kowane aiki 5,500, kuma a yawancinsu lissafi ya nuna daidai. Wani binciken na 2008 ya ce a cikin kowane aiki 8 akan sami guda da ƙidaya ta rikice, a kuma ɓata wajen minti 13 ana neman abin da ya ɓace, ga mutum kwance ciki a buɗe. Hukumar da ke tantance asibitocin Amurka kuwa ta bayyana a 2013 cewa an kai mata rahoto 772 na irin wannan mantuwa daga 2005 zuwa 2012, mutum 16 suka mutu. A birnin Siyatil ma an taɓa barin ƙarfen buɗa ciki mai tsawon inci 13 a jikin wani mutum a shekarar 2000. Inci 13! Wanda ke cewa wannan ciwo na Nijeriya ne kaɗai, to, ya sake tunani.

Yadda Take Aiki

Wannan gazawa ta ƙidayar ɗan Adam ita ta haifi na'urar da ake magana. Turawa suna taƙaita sunan fasahar da RFID, mu kuwa bari mu kira ta ƙwayar rediyo. Ba baƙuwa ba ce a gare mu. Duk wanda ya taɓa ɗora katin Cowry a ƙofar motar BRT a Ikko ya ji ƙara, ko ya riƙe fasfon nan mai ƙwaƙwalwa da Nijeriya ta fara bayarwa a 2007, ya yi amfani da ita. Wata 'yar aba ce da ba ta wuce ƙwayar magani girma ba, ba ta da batir, ana ɗinke ta a kusurwar ƙyalle kamar yadda ake ɗinke laya a wuyan riga. Tana nan shiru har sai wata na'ura ta aiko mata da igiyar rediyo, sa'an nan ta ɗebi ƙarfi daga igiyar ta amsa. Jini da tsoka da ƙashi ba su hana amsar fitowa.

Iri biyu ne, kuma masu talla ba su cika bambanta su ba. Akwai wadda iyakarta ta ce ga ni nan. Kafin a rufe ciki sai nas ta ɗauki wata sanda mai da'ira a kai, ta zagaya da ita a kan majiyyaci, kamar dai yadda masu gadi ke laluba mu a ƙofar masallaci ran Juma'a, ko kuma a danna wata shimfiɗa da aka riga aka sa a ƙarƙashinsa. In akwai ƙyalle a ciki sai ta yi ƙara. Ana kuma zagaya sandar a kan kwandon shara da zannuwa, gama sau da yawa ƙyallen da ya ɓace ba ya cikin mutum, yana ƙasa. Ɗayar kuwa kowace ƙwaya tana da lambarta ta daban, sabo da haka na'ura tana ƙirga abin da ya shiga da abin da aka jefa cikin bokiti, ta nuna a allo cewa 40 sun shiga, 39 sun fito, har ta faɗi wanne ne bai dawo ba. Akwai kuma wata dabara ta uku wadda ba ta rediyo ba ce, inda ake buga wa kowane ƙyalle zane irin na jikin kayan kanti, a haska shi da na'ura wajen shiga da wajen fita. Ita wannan tana ƙirga, amma ba ta iya gano abu a cikin ciki.

An gwada sandar a Jami'ar Stanford a kan majiyyata 8, aka buga sakamakon a 2006. Likita ɗaya ya ɓoye ƙyalle a ciki, wani da ya juya baya ya zo ya nema da sanda, kuma duk an gano su cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara ba irin waɗannan na'urori izini a 2006 da 2007. Ba shakka, wajen ƙyallen auduga, abin yana aiki.

To amma a nan ne ya kamata 'yan'uwanmu masu cewa a sayo su tsaya su saurara. Almakashi ba ƙyalle ba ne. Ƙarfe yana rikita igiyar rediyo, kuma ƙarafan fiɗa ba yarwa ake yi ba, ana wanke su a turara su a tukunyar tururi mai zafin da ya kai digiri 134, yau da gobe, shekara da shekaru. Ƙwayar da za ta jure wannan daban ce, ta fi tsada, kuma sai an bi ƙarafan asibiti dubbai ɗaya bayan ɗaya an liƙa ko an yi mata walda. Akwai kamfanonin da ke yin haka, kuma asibitocin da suka saya sun fi morarta wajen sanin ina kowane ƙarfe yake, sau nawa aka yi aiki da shi, an turara shi ko ba a turara ba, da kuma hana kaya yin ƙafa. Ƙananan allurai kuwa da guntun ƙarfen da ya karye ba su da wurin da za a liƙa musu kome. Yawancin asibitocin da ake ba da labarinsu a Amurka ƙyalle suke bi da rediyo, ƙarafa kuwa har yanzu da baki da ido ake ƙirga su.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da abin da ya faru a Kano. Almakashi ba ya bukatar wata ƙwaya kafin a gan shi. Hoton ƙashi na yau da kullum, irin wanda ake ɗauka a kowane babban asibiti, zai nuna shi ƙarara tun makon farko. Kuskuren farko na ɗakin fiɗa ne, kuma na minti ɗaya ne. Kuskure na biyu shi ne na wata 4, na mace tana zuwa tana cewa cikina, ana miƙa mata ƙwayoyi. Babu na'urar da aka ƙera da za ta sa ma'aikaci ya saurari majiyyaci.

Akwai sauran matsaloli da za mu ambata a gurguje. Sanda ba ta zagaya kanta, in nas ta gaji ko ana sauri aka tsallake, amfaninta ya tafi. Wani rahoto da aka buga a 2008 ya nuna masu bincike a wani asibitin jami'a a Amstadam ta ƙasar Holan sun yi gwaji 123 a kan na'urorin ɗakin masu tsananin ciwo, suka tarar wasu irin na'urorin rediyo sun rikita su sau 34, 22 daga ciki masu haɗari ne, sabo da haka ba kowace ake shigarwa ba sai an gwada. Mafi muhimmanci a gare mu kuwa, dole ne kowane ƙyalle da ke ɗakin ya zama mai ƙwaya, kuma na kamfanin da ya yi sandar. In ƙyalle ɗaya maras ƙwaya ya kutsa, sanda za ta yi shiru, likita ya rufe ciki hankalinsa kwance. Gara ma babu na'urar da a ce tana ba da shaidar zur.

Wa Ke Biyan Kuɗin Kuskure?

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace. Me ya sa asibitocin Amurka suka saya? Ba don sun fi mu tausayi ba ne. A 2001 wani likita, Dokta Ken Kizer, ya raɗa wa wasu kura-kurai suna, ya ce su ne waɗanda bai kamata su taɓa faruwa ba ko sau ɗaya, kuma manta abu a jikin majiyyaci yana cikinsu. Daga watan Oktoba na 2008 shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka mai kula da tsofaffi ya daina biyan asibiti ƙarin kuɗin jiyyar da irin wannan mantuwa ta jawo. Wanda ya ɓata shi zai gyara da aljihunsa. Ga kuma lauyoyi suna jira a waje, gama shari'ar ƙyalle a ciki ba ta bukatar dogon bayani, abin da aka ciro shi ne shaida. Jaridar USA Today ta yi lissafi a 2013 cewa jiyyar mutum ɗaya da aka manta da abu a jikinsa takan haura dala 60,000, alhali ƙyalle mai ƙwaya yana ƙara dala 8 zuwa 12 ne kawai a kan kowane aiki. Da wannan lissafi manajan asibiti yake zuwa gaban masu kuɗi. Kasuwar ta yi armashi har kamfanin Stryker ya sayi masu yin ƙyalle mai zane a kan dala miliyan 120 a 2014, Medtronic kuma ya sayi masu yin sandar rediyo a kan dala miliyan 235 a 2015. Duk da haka, a waccan shekara ta 2013 jaridar ta ce asibitocin Amurka da ke amfani da irin waɗannan ƙyallaye ba su kai kashi 15 daga cikin 100 ba. Ko a can sai da aka ja.

To a nan fa? A nan in an manta da ƙyalle a cikin matarka, kai za ka biya kuɗin hoto, kai za ka biya kuɗin aiki na biyu, kai za ka sayi jini da magani, kai za ka rufe shago ka zauna jiyya. Fiye da kashi 70 daga cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyata yake fitowa kai tsaye. Asibitin da ya yi kuskuren bai yi asarar ko kwabo ba, in ma can aka koma, ciniki ya ƙara samu. Wane manaja ne zai sayi sanda da ƙyalle mai tsada don ya kauce wa asarar da ba tasa ba? In ma ya saya, dala 10 a canjin 2025 wajen naira 15,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, kuma kowa ya san a kan takardar wa za a rubuta ta.

Mu mazauna kudu abin ya fi shafarmu ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Al'adarmu ce in an yi wa mace aikin haihuwa a Ikko ko Fatakwal ko Anaca, da zarar ta iya zama a mota sai a tura ta gida wajen iyaye ta yi wanka. In ciwo ya tashi bayan wata biyu, a Gusau ko Azare ko Maraɗi zai tashi. Likitan can bai san abin da aka yi a nan ba, gama ba a ba ta wata takarda ba, ko an ba ta ta ɓace a hanya. In Allah ya sa ya gano ya ciro, asibitin farko ba zai taɓa jin labari ba, nas ɗin da ta yi kuskuren ƙidaya za ta ci gaba da aikinta tana ganin ba ta taɓa kuskure ba. A Ingila hukumar lafiyarsu tana buga adadin irin waɗannan kura-kurai a kai a kai, har da sunayen hukumomin asibitocin da abin ya faru a hannunsu. A nan sai an yi rashi, dangi sun yi kuka a jarida ko a waya, sa'an nan a ji.

Sa'an nan duk wanda ya taɓa kai maras lafiya ɗakin fiɗa a yawancin asibitocinmu ya san takardar nan da ake miƙo wa dangi: safar hannu kaza, zaren ɗinki kaza, ruwan ƙari kaza, auduga kaza, je ka kemis ɗin bakin ƙofa. Mai sayen nan ɗan dako ne ko mai shayi, bai san akwai ƙyalle mai zaren hoto da maras shi ba, mai kemis kuma wanda ya fi araha zai miƙo masa. Inda ba a iya tabbatar da zare ba, yaya za a tabbatar da ƙwayar rediyo? Ga kuma masu ƙidayar kansu. Ƙa'ida ta ce nas biyu. Magatakardan Hukumar Nas-Nas da Ungozoma ta Ƙasa ya faɗa a 2024 cewa fiye da nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate kuma ya ce likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun fita cikin shekara 5. Maganar wuta ba sai mun tsawaita ba. Mutanen Badun sun ga yadda kamfanin wuta ya yanke wa Asibitin Koyarwa na Jami'a lantarki a 2024 sabo da bashi, asibitin da ake alfahari da shi a Afirka ta Yamma.

Kada a fahimce mu da cewa muna ƙin na'urar. A ganinmu tana da wurinta. Binciken Boston ya riga ya nuna inda haɗari ya taru, watau aikin gaggawa, kuma babu aikin gaggawar da ya kai na ciro jariri yawa a ƙasar nan, da tsakar dare, jini na zuba, likita ɗaya da ya kwana biyu bai runtsa ba. Binciken da aka buga a 2018 a kan majiyyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, ya nuna wanda aka yi wa fiɗa a Afirka ya ninka na sauran duniya sau 2 wajen haɗarin mutuwa, wani rahoton binciken da ya biyo baya kuwa ya nuna matan da aka yi wa aikin haihuwa haɗarinsu ya ninka na ƙasashe masu arziki wajen sau 50. Yawancin wannan ba daga mantuwar ƙyalle ba ne, daga zubar jini ne da rashin mai lura bayan aiki, kuma wannan ma dalili ne na a yi hattara da inda za a sa 'yan kuɗin da ake da su. Amma in manyan asibitocin koyarwa kamar na Idi-Araba da Ikeja da Badun za su gwada sandar a ɗakunan haihuwa da na gaggawa kaɗai, su sayi ƙyallen da kansu ba ta hannun dangi ba, su kuma buga abin da suka gani bayan shekara, wannan gwaji ne mai ma'ana. Abin da muke tsoro shi ne kwangila ta biliyoyi, a yanka ƙyalle a gaban 'yan jarida, bayan wata 6 ƙyallaye masu ƙwaya su ƙare, sanda ta koma sito ta tarar da 'yan'uwanta.

Akwai abin da ya riga sanda, kuma kuɗinsa takarda ce da biro. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takardar tambayoyi 19 da ake karantawa da murya a ɗakin fiɗa, kafin a sa barci, kafin a tsaga, da kafin majiyyaci ya fita. A kashi na ƙarshe dole nas ta furta cewa ƙarafa da ƙyallaye da allurai sun cika. An gwada ta a asibitoci 8, daga London da Toronto har zuwa wani asibitin karkara a Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace suka sauko daga 1.5 zuwa 0.8 daga cikin 100. Shi Dokta Gawanden da ya nuna ƙidaya tana kuskure shi ne ya jagoranci wannan aiki, gama ya san ƙidaya mai kuskure jefi-jefi ta fi rashin ƙidaya nesa ba kusa ba.

Sabo da haka abin da ya kamata shugabanninmu na zango da wakilanmu a majalisa su matsa a kai shi ne a juya lissafin nan. Hukumomin jiha, irin su HEFAMAA mai ba asibitoci lasisi a Jihar Legas, su sa doka cewa duk abin da aka manta a jikin mutum, asibitin da ya yi aikin shi zai biya kuɗin hoto da na aiki na biyu da na jiyya, ko a ina aka ciro shi. Duk likitan da ya ciro irin wannan abu ya zama wajibi ya kai rahoto. Masu duba asibiti su riƙa neman takardar ƙidaya mai sa hannun mutum biyu a cikin fayil, su kuma hana shigar da ƙyalle maras zaren hoto ɗakin fiɗa. Ran da mantuwa ta fara cin aljihun asibiti, ba sai gwamnati ta roƙi kowa ya sayi na'ura ba.

Game da masu cewa a bar wa Allah, mun yarda rai da ajali nasa ne. Amma malaman fiƙihu ba su ce likita ba ya ɗaukar alhaki ba. Ibn Rushd, babban malamin nan na Malikiyya, ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan likita in ya yi kuskure diyya ta hau. Dokar ƙasa ma ta ba da hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majiyyaci ikon kai ƙara a bincika, kundin haƙƙin majiyyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 kuma ya ce a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji. Majalisar Likitoci ta Ƙasa tana da kotun ladabtarwa mai iya dakatar da likita ko soke sunansa, sai dai ba ta ba da diyya, wannan sai a babbar kotu.

Kafin a kai can, ga abin da ke hannun mai karatu. In za a yi wa naka aiki, ka je da wanda ke jin Turanci ko Yarbanci sosai, kada kunya ta sa ka ce ka gane alhali ba ka gane ba. In an ba ka takardar sayayya, ka ce wa mai kemis ƙyallen ɗakin fiɗa mai zaren hoto kake so. Ran sallama ka nemi takardar da ta faɗi irin aikin da aka yi da ranar da aka yi shi da sunan asibitin, ka ɗauki hotonta a waya kafin a hau motar gida. In bayan aiki ciwo ya ƙi lafawa, ko zazzaɓi ya riƙa dawowa, ko ciki ya kumbura, ko wurin ɗinki ya riƙa fitar da ruwa, ko aka ji wani ƙullutu, kada a tsaya ga maganin kashe zafi ko jiƙo. A koma a ce wa likita a fili ana so a ɗauki hoton ciki, in ya ƙi a tafi wani asibitin da takardar nan a hannu. Ƙyallen da aka manta yakan yi shekaru kafin ya nuna kansa, sabo da haka ko aikin ya daɗe a gaya wa likita an taɓa yi.